Abin Da Ke Sa Hoto Ya Yi Hazo Idan An Fuskanci Rana

Sau da yawa mutum yakan ci ado ranar Sallah, ya sa a ɗauke shi hoto domin mutanen gida su ga yana nan lafiya, amma da hoton ya fito sai a ga fuska ta yi fari-fari kamar an ɗauka cikin hazo, ga wasu ɗigo-ɗigon haske sun jeru a kan riga. Akan ce mai hoto bai iya ba. Alhali kuwa galibi maganar tana cikin idon kyamara ne.

Shi idon nan ba gilashi ɗaya ba ne, gilasai ne aka jera, wani bayan wani. Ko wane gilashi yana da fuska biyu, kuma duk fuskar da haske ya buga takan mayar da kamar kashi 4 cikin 100 baya. Wannan hasken ba ɓacewa yake yi ba. Sai ya yi ta kai da komowa tsakanin gilasai, daga ƙarshe wani sashensa ya zube a kan hoton, ya wanke baƙinsa.

Saboda haka ne maƙeran dā suke rage yawan gilasai. Paul Rudolph na kamfanin Zeiss a Jamus ya fito da wani ido mai suna Planar a 1896, mai kyau ƙwarai, amma fuskokinsa 8 da ke taɓa iska suka hana shi kasuwa. Tessar da ya yi a 1902, mai fuska 6, shi ya yi farin jini.

Abin mamaki, tun a 1886 wani masani a Ingila, Lord Rayleigh, ya lura tsohon gilashi da ya dafe ya fi sabo barin haske ya wuce. Sai a 1935 Alexander Smakula, shi ma a Zeiss, ya gano yadda za a yi wa gilashi irin wannan shafe da gangan. Kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin 10,000 na milimita ba. Hasken da ya komo daga saman shafen da wanda ya komo daga ƙarƙashinsa su ke kashe juna. Gwamnatin Jamus ta ɓoye dabarar wasu shekaru, don amfanin madubin hangen soja.

A 1971 kamfanin Pentax na Japan ya fito da shafe hawa bakwai, abin da ke komowa ya koma ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin 100. Ta fuska 30 marasa shafe kuwa ko sulusin haske ba ya wucewa.

To, mai karatu, in ka karkata idon kyamara ka ga wani launi shuɗi-shuɗi ko kore, shafen ke nan, ba datti ba ne. Na sha ganin masu hoto a nan Arewa lokacin hunturu suna murza shi da bakin riga, ƙura kuwa yashi ce, kankare shi take yi. A fara hure ƙurar tukuna, sa'an nan a goge da tattausan ƙyalle. Kyamarar wayar hannu ma, maiƙon yatsa kawai ya isa ya sa fitilu su yi jela da dare.

Kuma ko shafen ya kai hawa nawa, in rana ta shiga ido kai tsaye sai ta bar alama. Mai hoto ya ba ta baya, ko ya yi wa idon inuwa da tafin hannu ko hularsa.