Daga Wake Zuwa Waakye: Wuraren Cin Abinci da Gidajen Burodi a Unguwannin Birnin Akra

Gabatarwa

Ɗalibin da ke son sanin nisan da harshen Hausa ya yi a Afirka ta Yamma yakan fara da littattafan tarihi ko taswirar harsuna. Akwai wata hanya da ta fi waɗannan sauƙi, wato ya duba abin da mutanen birni ke karya kumallo da shi, ya kuma saurari sunan da suke kiran abin. Wannan takarda za ta bi wannan hanya a Akra, babban birnin ƙasar Gana. Akra garin al'ummar Ga ne tun asali, harshen Twi ne ya fi yawo a kasuwanninsa, Hausawa kuwa 'yan tsiraru ne. Duk da haka, da yawa daga cikin abincin da ma'aikaci da ɗan makaranta ke saye da safe sunan Hausa ke gare su. Za a duba yadda hakan ta faru, da ire-iren wuraren da ake sayar da abincin, da matsayin gidan burodi a cikinsu.

Yadda abincin arewa ya iso bakin teku

Fataucin goro ne tushen lamarin. Shekaru aru-aru ayarin fatake na tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, inda kasuwar Salaga ta zama matattarar goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante. Bayan da sojojin Ingila suka ci Kumasi a 1874, kasuwar Salaga ta fara ja da baya, sannan yaƙin basasar da ya ɓarke a garin a 1892 ya watsa 'yan kasuwarta. Da yawansu suka gangara kudu. A 1877 Turawa sun riga sun mayar da hedkwatar mulkinsu daga Cape Coast zuwa Akra, saboda haka birnin ya ja baƙi: fatake, da mahauta, da malamai, da Hausawan da suka yi aikin soja da ɗan sanda.

Unguwannin da baƙin suka zauna su ake kira zongo, daga kalmar zango, wato inda ayari ke yada kaya. Daga cikinsu akwai Sabon Zongo, wanda aka kafa a farkon ƙarni na 20, da Nima, wadda ta fara cika a shekarun 1930. Mazauna zongo ba duka Hausawa ba ne. Akwai Dagomba, da Mosi, da Zabarmawa, da Fulani, da Kotokoli, amma Hausa ce harshen da ya haɗa su. Wannan shi ya sa abincin da matan zongo suka fitar ƙofar gida don sayarwa ya shiga gari da sunan Hausa, ko da mai dafa shi ba Bahaushiya ba ce.

Wuraren cin abinci bisa lokutan yini

Mai koko ce ke fara fitowa, tun kafin gari ya waye sosai. Kokonta na gero ne, an niƙa shi da citta da kanumfari da barkono, an bar shi ya yi ɗan tsami. Mutanen Akra na kiransa Hausa koko domin bambanta shi da kokon masara na mutanen kudu. A gefen tukunyar akwai mai suya ƙosai, wanda a can ake ce wa koose, wani lokaci kuma da masa ko pinkaso, wato funkaso.

Da hantsi sai layi ya koma wurin mai waakye. Waakye shinkafa da wake ne, amma dahuwarsa ta bambanta da wadda aka saba a Kano ko Damagaram. Ana tafasa wake da busasshen karan dafi har ruwan ya yi ja, a sa ɗan kanwa don waken ya yi laushi, sannan a zuba shinkafa. Mai saye ba ya cewa a ba shi faranti ɗaya. Yakan faɗi kuɗin kowane abu daban: waakye na kaza, taliya ta kaza, garin rogo, dafaffen ƙwai, kifi ko nama ko ganda, wadda ake kira wele. A kai a zuba shito, wato baƙin yaji da ake soyawa da mai da busasshen kifi, sunansa kuma daga harshen Ga ne. A da cikin ganye ake ƙunshe waakye, kuma har yanzu akwai masu saye da ba sa yarda da leda. Mai sayarwar kuwa, Hajiya ko Amarya masu saye ke kiranta, ko sun ji Hausa ko ba su ji ba.

Abincin rana na gidan da ake kira chop bar ne, daga kalmar chop ta Turancin buroka mai nufin ci. Rumfa ce ko ɗaki mai benci da tebur, da kwanon ruwan wanke hannu. A nan ake samun fufu da banku na mutanen kudu, a nan kuma ake samun tuo zaafi, wato tuwon zafi, wanda ya fi tuwon ƙasar Hausa laushi, ana cinsa da miyar ayoyo, ganyen da Hausawa suka sani da lalo.

Da dare unguwa ta mai tsire ce da mai shayi. Tsiren Akra, mai suna chichinga, yajin ƙuliƙuli ake barbaɗa masa kamar na gida. Mai shayi kuma yana soya ƙwai ya cusa cikin burodi, ya haɗa Milo ko shayi da madara, a 'yan shekarun nan kuma ya ƙara da Indomie.

Gidan burodi

Burodi ta teku ya zo, sunansa ma ya nuna haka. Masu jin Twi na ce masa paanoo, daga kalmar pão ta Turawan Fotugal, waɗanda suka gina ganuwar Elmina a 1482. Kalmar burodi ta Hausa ma aro ce daga Turanci.

Iri uku aka fi sani a Akra: burodin sukari mai zaƙi da laushi, da burodi mai bota, da burodin shayi wanda ba shi da zaƙi sosai. Yawancin gidajen burodin unguwa ƙanana ne, kuma mata ne suka fi riƙe sana'ar. Wadda ba ta da injin kwaɓi takan kai fulawarta wurin mai inji a kwaɓa mata, ta dawo da ita gida a yanka, a jera a gwangwani, a gasa cikin dare a tandun ƙasa ko na gas. Kafin asuba masu talla sun ɗauka sun rarraba wa kantuna da masu shayi da tashoshin mota, galibi bisa amana, sai an sayar a kawo kuɗi.

Raunin wannan sana'a shi ne Gana ba ta noman alkama. Daga waje ake shigo da ita ta tashoshin jiragen ruwa na Tema da Takoradi, a niƙa a can. Saboda haka farashin burodi na bin farashin dala. An ga haka ƙarara a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya ɗaga farashin alkama a duniya, darajar sidi ta faɗi, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamba. Mai gidan burodi zaɓi biyu ke gabanta: ta ƙara kuɗi ko ta rage girman burodin. Wannan ne dalilin da ya sa masu bincike a Gana suka daɗe suna gwada gauraya fulawar alkama da garin rogo mai kyau.

Abin da sunayen ke koya wa ɗalibin harshe

Idan aka lura, kalmomin sun sauya kama daidai da bakin waɗanda suka are su. A rubutun Twi, ky na wakiltar sautin da Hausa ke rubutawa da c, saboda haka waakye ana furta shi kamar wace. Wato k ta wake ta ganɗance a gaban wasalin e. A ƙosai kuwa ƙ ta koma k, tagwan wasalin ai ya koma e, aka sami koose. Haka daddawa ta zama dawadawa. Misali mafi ban sha'awa shi ne omo tuo, tuwon shinkafar da aka fi ci ranar Lahadi: rabin farko daga kalmar Twi mai nufin shinkafa, rabi na biyu tuwo ne na Hausa. Har ila yau ma'ana takan faɗaɗa. Wake a Hausa sunan ƙwayar ne kawai, waakye kuwa sunan dafaffen abincin ne gaba ɗaya.

Muhimmancin waɗannan wurare

Ba marmari ke kai talakan Akra wurin mai koko ba. Wanda ke zaune a ɗaki ɗaya, ba shi da kicin, zai kuma fita aiki tun duhu, sayen dafaffe ya fi masa arha a kan sayen gawayi da cefane. Wani bincike da cibiyar IFPRI ta wallafa a 2000 ya nuna cewa a wancan lokacin gidaje mafi talauci a Akra na kashe kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin abincinsu a kan abincin bakin titi. Wannan dogaro ne ya sa batun tsabta ke da nauyi. Annobar kwalara ta 2014 ta kama mutum fiye da 28,000 a Gana, mafi yawansu a yankin Akra. Hukumomin birni na buƙatar mai sayar da abinci ta yi gwajin lafiya ta karɓi takarda, sai dai takarda ba ta kawo ruwan famfo ko gyara kwata, waɗanda su ne matsalar unguwanni irin su Nima.

Kammalawa

An ga cewa abincin unguwa a Akra ta hanyoyi biyu ya zo: gero da wake da sunayensu daga arewa, alkama da nata sunan daga teku, suka haɗu a teburin mai koko inda ake cin ƙosai cikin burodi. Ana so ɗalibi ya tattara sunayen abinci goma a unguwarsu, ya nuna harshen da kowanne ya fito, ya kuma bayyana sauyin sautin da ya samu a hanya.