Shin Ko Kun San? Daga Ramin Baba Zuwa Atamfar Holan

Shin ko kun san zanen da aka tsoma a ramin baba ba shuɗi yake fitowa ba? Kore-kore yake fitowa. Sai iska ta buge shi sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi kana kallo. Shi ya sa marini yake tsomawa ya ɗago, ya bari ya sha iska, ya sake tsomawa. Yawan tsomi ne ke kawo duhun launi, har zane ya kusa zama baƙi. Ruwan kuwa baba ne da toka, a bar su kwanaki su tsumu.

Marinar Ƙofar Mata da ke Kano ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, kuma har gobe ana rini a cikinta. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin garin suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Turkuɗin Kura ma, wanda ake buga wa shuni har ya riƙa ƙyalli, Buzaye ne manyan masu sayensa, kuma ba sa damuwa don ya zuba musu a jiki.

Adon ɗauri dabara ce ta hana rini shiga: inda aka ƙulle da zare, nan zai fito fari. Yarabawan Abekuta kan yi nasu adire da kunun rogo, su zana shi da gashin kaza.

To ga wadda za ta ba mata mamaki. Atamfa asalinta daga tsibirin Jaba ne na Indunisiya, inda ake zana ado da narkakken kakin zuma kafin a rina. Turawan Holan suka so kwaikwayonta da inji a ƙarni na 19, sai danƙon da suke shafawa ya riƙa tsagewa, rini yana kutsawa ta tsagar. Mutanen Jaba suka ce wannan aibu ne, suka ƙi saya. Da aka kawo ta Afirka ta Yamma, waɗannan 'yan jijiyoyin su aka fi so! Kamfanin Vlisco, mai atamfar Holan ɗin da ake ji da ita a lefe, tun 1846 yake a garin Helmond. Abin da wani ya raina, shi muke tara wa kuɗi wata da watanni.

Shadda kuma ba buga mata ado ake yi ba, saƙa shi ake yi a jikinta, shi ya sa ake ganin fure ko a farar shadda. Injin da ke wannan aiki Bafaranshe Joseph Marie Jacquard ne ya fito da shi a 1804, yana karanta zane daga katuttuka masu huji. Irin katin nan ne daga baya aka riƙa ba kwamfutocin farko umarni da shi. Gezna da ake ɗinkawa da Sallah, a garin Bludenz na Ostiriya kamfanin Getzner ke saƙa ta.

In kun je sayen atamfa, ku juya bayanta. Ta ainihi, ciki da waje launinta ɗaya ne.