Jinya A Gida: Wa Ke Duba Ingancinta A Kudancin Kano?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taso daga Kano ya kama hanyar Zariya, ya karya a Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore har ya sauka Doguwa, zai wuce asibitoci da ɗakunan shan magani da dama, kowanne da allonsa a bakin hanya. Amma akasarin marasa lafiya na Ƙananan Hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ba a nan suke kwance ba. Suna cikin gidajensu. A ɗaki mace take haihuwa, a nan take zaman jego na kwana arba'in, a nan ne kuma tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye yake kwanciya wata da watanni.

Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Jihar Kano kimanin haihuwa ɗaya ce kawai cikin biyar aka yi a asibiti. Ba kullum ne ƙin asibiti yake kawo haka ba. Mutumin ƙauyukan Riruwai, ko na bayan madatsar ruwa ta Tiga, ya san abin da ake nufi da neman mota da tsakar dare a cikin damina. Jinya a gida ba abin da za a hana ba ce. Abin tambaya shi ne, su wa ke yin ta, kuma da wace ƙa'ida?

MAIJEGO DA JARIRI

Hannun farko da ke taɓa jariri a ƙauye na ungozoma ne, wadda yawanci ta gaji sana'ar daga uwa ko kaka. Aikinta ya fi nauyi a kan cibiya. In aka yanke ta da tsohuwar reza, ko aka yi ta gasa ta da tsumman da bai da tsabta, ko aka barbaɗa mata wani gari, to an buɗe wa ciwon tsinkau-tsinkau ƙofa, shi kuwa ba kasafai yake barin jariri da rai ba. Ƙa'idar ba ta da wuya: wanke hannu da sabulu, sabuwar reza, zare mai tsabta, sa'an nan a riƙa shafa maganin cibiya na chlorhexidine kullum a makon farko. Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin yaɗa wannan magani a 2016.

Ita ma uwar tana da nata haɗarin. A shekarun 1970, likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, watau Davidson da Parry, sun bi diddigin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978. Sun ɗora zargi a kan wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa, domin kanwa tana tara ruwa a jiki ta ƙara wa zuciya aiki. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta a Kano ya nuna cewa al'amarin ya fi haka faɗi: rashin isasshen abinci, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, da hawan jini lokacin ciki duk suna da hannu. Ko da wanne aka ɗauka, darasin mai jinya ɗaya ne. Maijegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, ba ƙarin kunu take bukata ba, asibiti take bukata a ranar. Haka nan zubar jini mai yawa, da jijjiga, da naƙudar da ta kwana ta wuni, wadda ita ce ke jawo yoyon fitsari.

MAI ALLURA

Hannu na biyu da ke shiga gida shi ne na wanda jama'a ke kira “likita” don kawai yana ɗauke da jaka. Wani ma'aikacin lafiya ne na gaskiya da ya tashi daga aiki. Wani kuwa yaron kyamis ne da ya ga ana yi. Mai gida ba ya iya bambancewa, tun da dukansu allura suke yi, su rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar bango.

Alhali kuwa doka ta bambance. Lasin mai kyamis na sayar da ƙananan magunguna ne, bai ba shi izinin yin allura ko ƙarin ruwa ba. Nas da ungozomar asibiti suna ƙarƙashin majalisarsu da dokar 1979 ta kafa, ma'aikatan lafiya na karkara kuma suna da hukumar rajista tun 1992. Dalilin wannan tsanani a fili yake. Sirinji ɗaya da aka yi wa mutum biyu yana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga wannan zuwa wancan. Ruwan da aka ƙara wa mai raunin zuciya yana iya cika masa huhu. Allurar naƙuda da aka yi wa mace a ɗaki, babu mai auna halin da take ciki, tana iya fasa mahaifa.

TSOHO A KWANCE

Hannu na uku na iyali ne, galibi mata ko 'ya ko suruka, ba albashi, ba horo. Ba ƙauna ta gaza musu ba, sani ne ba a ba su ba. Majinyacin da ba ya iya motsi dole ne a juya shi kamar kowace awa biyu, a tsane masa jiki, in ba haka ba gyambo zai fito masa a ƙugu da diddige. Ba a ba shi koko yana kwance rigingine, sai an tallafe shi ya zauna, don kada ya shaƙe abincin ya sauka huhu. Maganin hawan jini kuwa ba a dainawa don an ga sauƙi. Ana iya koya wa mutum waɗannan cikin rabin awa kafin a sallami majinyacinsa.

HUKUMA TA TSAYA A ƘOFAR GIDA

Ba yau aka fara maganar kai lafiya gida ba. Taron Alma-Ata na 1978 ya aza harsashin, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti kuma, lokacin da yake Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya dage a kan horar da ungozomomi da ma'aikatan lafiya na ƙauye. A 2018 aka ƙaddamar da shirin CHIPS, wanda ke zaɓen mutane daga cikin al'umma su riƙa bi gida-gida suna tura marasa lafiya asibiti. Yaƙi da shan-inna, wanda ya kai ga bayyana Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a 2020, ya tabbatar da cewa ana iya isa kowane gida in an sa kai. Jihar Kano kuma ta kafa hukumar PHIMA a 2017 don kula da asibitoci masu zaman kansu.

Sai dai hukuma takan duba gini ne mai allo, mai jaka kuwa ba shi da gini. A Ingila, hukumar da aka kafa a 2009 don duba ingancin jinya tana yi wa kamfanonin jinya a gida rajista, tana binciken aikinsu, ta kuma bayyana wa jama'a sakamakon. Ba sai mun kwafi nasu ba, domin muna da abin da za mu gina a kai.

Ya kamata Sashen Lafiya na kowace Ƙaramar Hukuma ya riƙe littafin sunayen duk masu zuwa jinya gida, da taimakon hakimai da dagatai da masu unguwanni, waɗanda babu baƙon da ke shige musu duhu. Wanda ke da lasin a ba shi katin shaida, mai gida kuma ya saba da tambayar katin ba tare da jin nauyi ba. Ungozoma a riƙa kiranta bita, a ba ta kayan aiki, a yaba mata in ta rako mace asibiti da wuri maimakon a yi mata faɗa. Ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Bebeji suna iya yin wani ɓangare na koyon aikinsu a ɗakunan majinyata, ƙarƙashin idon malamansu.

Ma'aikata da ɗaliban da ke karanta wannan shafi su ne gida yake tuntuɓa in ciwo ya zo, su ne kuma ke aika kuɗin magani. Kafin a aika, yana da kyau a tambayi wanda ke yin allurar, da inda ya koya, da kuma motar da za a nema in dare ya yi jiki ya rikice.