Babba Ma Yana Iya Koyon Wasan Zamiya

Duk wanda ya tashi a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, bai san ƙanƙara ba sai wadda takan faɗo tare da ruwan sama jefi-jefi, da wadda ake saye da azumi don sanyaya ruwa. Amma a ƙasashen sanyi shimfiɗa ta ake yi kamar daɓen ɗaki, mutane su sa takalmi mai ƙarfe a ƙarƙashi suna zamiya suna juyi. Ɗalibanmu da ke zuwa karatu Rasha da Ingila da Kanada sukan tarar da wasan, su tsaya a bakin fili suna kallo, suna ganin ai su lokaci ya wuce su.

Wasan dai tsoho ne. An kafa ƙungiyarsa ta duniya a 1892, ya kuma shiga gasar Olamfik a London a 1908. A da alƙalai sukan duba zanen da ƙarfen takalmi ya bari a kan ƙanƙara, musamman siffar lamba 8, har zuwa 1990 da aka cire wannan sashe daga manyan gasanni. A 2005 kuwa aka fara gasa ta manya zalla a garin Oberstdorf na Jamus, har da masu furfura. Mu ma muna da abin misali, ko da yake a wani wasan ƙanƙara ne daban: Simidele Adeagbo tana da shekara 36 ta fara koyon sulalowa a kife bisa ƙaramin allo a 2017, ta wakilci Nijeriya a Koriya ta Kudu a 2018. Sai dai a faɗi gaskiya, daman ita 'yar wasan tsalle ce.

Abin da ke hana babba koyo shi ne kunya da tsoron faɗuwa. Yaro yakan faɗi ya tashi yana dariya, ma'aikaci mai shekara arba'in kuwa tunaninsa wa ya gan shi. Don haka malaman wasan sukan fara da koyar da faɗuwa tun kafin tafiya. Idan mutum ya ji zai tafi, sai ya lanƙwasa gwiwa ya rage tsawo, ya sa haɓa a ƙirji, ya faɗi ta gefe a kan cinya. Kada ya miƙe hannu ya tokare ƙasa, domin ta nan ne wuyan hannu ke karyewa, ƙashin babba kuwa ba ya ɗoruwa da sauri kamar na yaro. Wajen tashi sai ya durƙusa, ya kafa ƙafa ɗaya tsakanin hannuwansa, sannan ya ɗago a hankali.

Bayan wannan sai tsayuwa: gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a buɗe, ido a gaba. Mai kallon ƙafafunsa shi ne farkon faɗuwa. Daga nan sai taku ƙanana-ƙanana, sai barin ƙafafu biyu su zame tare, sai buɗe su da haɗe su ana zana siffar ƙwai. Kaurin ƙarfen takalmin kamar milimita 4 ne, yana kuma da kaifi biyu, na ciki da na waje, watau duk wani juyi da ake gani yana fitowa ne daga jingina kan ɗayansu. Ana tsayawa ne ta hanyar karkato kan ƙafa ciki a tura ƙarfen ya kankari ƙanƙara. Tsalle da wulwulawa sai bayan dogon lokaci, kuma babba da yawa ba sa kai wa can, ba kuwa laifi ba ne.

To, wanda ke gida fa? Ba mu da filin ƙanƙara a Zamfara, amma akwai takalmi mai taya, wanda wani Ba'amurke, James Plimpton, ya kyautata ƙirarsa a 1863. Tsayuwar ɗaya ce, faɗuwar ma ɗaya ce, sai dai siminti yana ɗaye fata, shi ya sa hular kwano da makarin gwiwa da na wuyan hannu suka zama dole. Mun sha ganin samari a biranen Arewa suna kama bayan mota da wannan takalmi, abin da ba wasa ba ne, ganganci ne. Hanyar da ta bi ta Tsafe zuwa Funtuwa, da wadda ta bi ta Bunguɗu zuwa Sakkwato, hanyoyin tireloli ne. Mai koyo ya nemi izini ya shiga filin ƙwallon kwando na wata makaranta da sassafe, ya share tsakuwa tukuna, domin tsakuwa ɗaya ta isa ta tsayar da taya, ya kuma zo da abokin da zai riƙe masa hannu a kwanakin farko.