Sauya Ƙofofi da Tagogin Gidan Haya da Kuɗi Kaɗan

Gidan haya dukiya ce, amma ba ya riƙe darajarsa sai da gyara. Ƙofar da gara ta cinye, ko tagar da ba ta rufuwa, takan kori ɗan haya na kirki, ta kuma rage kuɗin haya. To, arha a nan ba ƙarancin kuɗin saye ba ne kaɗai. Abin dubawa shi ne shekarun da kayan za su yi suna aiki, gama arha ba ta ado.

Awo kafin ciniki

Da fari mai gida ya zaga da kafinta ko mai walda, su ware abin da ya mutu daga abin da gyara zai tayar. Sau da yawa ƙyaure ne ya lalace, firam ɗin yana nan garau, ba sai an fasa bango ba. Sa'an nan a auna faɗi da tsawon kowace kafa, a rubuta. Ƙofar ɗaki da aka saba yi faɗinta ƙafa 3 ne, tsawonta ƙafa 7, watau kimanin santimita 90 da 210. Taga kuwa takan zama ƙafa 4 kowane gefe. Kayan da ke kan wannan awo sun fi sauƙi, don an ƙera su da yawa an ajiye. Wanda ya saɓa masa sai an yi aikinsa musamman, kuɗinsa ya hau.

Katako, ƙarfe ko alminiyam

Ƙofar katako ta dace da ɗakunan ciki, muddin icen ya bushe sarai, an kuma shafe shi da maganin gara. Ɗanyen katako yakan kumbura da damina, ya tsage da hunturu. Ƙofar waje gara ta ƙarfe, mai kaurin milimita 1.2 ko fiye, a yi mata jan fentin hana tsatsa tun ba a kafa ta ba. Tagar alminiyam ba ta tsatsa, gara ba ta cinta, amma mai turawa gefe rabinta kaɗai ke buɗuwa. Tagar luba ta fi shigar da iska, in gilashi ɗaya ya fashe shi kaɗai za a sauya, sai dai ƙurar hunturu takan bi ta tsakaninsu.

Inda za a nema

Akan sami sababbi da na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, da Dei-Dei ta Abuja. Ƙofofin gidajen da aka rushe sukan yi arha, amma a duba gindinsu, don can tsatsa da gara ke farawa. A tambayi farashi a wuri 3, a haɗa da kuɗin dako da na kafawa. Mai sayen na gida duka a lokaci guda ya fi samun ragi. Kada a biya mai aiki duka kuɗinsa sai an kafa, an ga kowace tana buɗuwa tana rufuwa.

Abin da ba a tsumulmula a kansa

Lalle kowace taga ta sami ragar sauro. In an sa sandunan ƙarfe don ɓarayi, a bar taga ɗaya wadda sandunanta ke buɗuwa daga ciki, don mutane su sami mafita in gobara ta tashi. Ran ɗan haya amana ce a wuyan mai gida.