Wuri da lokaci cikin labari

Kowane labari yana da wurin da ya faru: gari ko daji, kasuwa ko fada, bakin rijiya ko bakin gulbi. Yana kuma da lokacinsa: rani ko damana, dare ko rana. Wuri da lokaci su ne ke nuna halin mutanen da ke cikin labari.

Ga misali. Wata yarinya tana ɗauke da tulu. Sai baƙo ya roƙe ta ruwa, ta ba shi ya sha. Idan abin ya faru a Yamai, bakin kogin Isa, yarinyar ta yi ladabi, amma ba ta yi hasarar komi ba. Za ta koma ta cika tulunta nan take.

To, a kai labarin arewacin Tawa, wajen Abalak, cikin bazara. Rijiya tana da nisa, tana da zurfi, sai da raƙumi ko jaki ake jawo wasaki. Yarinyar ta fita tun asuba, ƙannenta suna jiranta da ƙishirwa. Idan ta ba baƙon ruwa, na gidansu zai ragu. Idan ta hana shi, wataƙila ba zai kai gari ba. A nan ruwan ƙwarya guda ya zama babbar kyauta. Aikin ɗaya ne, amma wuri ya sake ma'anarsa.

Haka abin yake cikin tatsuniya. A daji, Gizo ƙaramin abu ne tsakanin zaki da kura da giwa. Ba shi da ƙarfi, sai dabara. Idan ya yaudare su ya tsira, masu sauraro suna murna. Amma a gida, lokacin yunwa, idan ya ɓoye abinci ya hana Ƙoƙi da ƴaƴansa, dabarar nan ta zama rowa da haɗama. Sai a yi masa dariya idan asirinsa ya tonu.

Marubuta sun san wannan. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara cikin 1911, ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya. Littafin ya fara fitowa cikin 1937. Wasu labarunsa ya samo su daga littattafan Larabawa da na Turawa. Bai bar su yadda ya same su ba. Ya maido su ƙasar Hausa, ya sa su cikin fada da kasuwa da ƙauye. Da wuri ya sake, sai mutane suka sake: ga sarki da waziri, ga alƙali da fatake, kowa da irin gaisuwarsa da maganarsa. Shi ya sa mai karatu yake jin kamar a garinsu abin ya faru.

Saboda haka mai karatu na kirki yakan fara da tambaya biyu: ina abin ya faru, kuma yaushe?

Tambayoyi
1. Don mi kyautar yarinyar ta fi girma a wajen Abalak?
2. Yaya halin Gizo yake a daji, yaya yake a gida?

Aiki
Kowane ɗan makaranta ya zaɓi tatsuniyar da ya ji a gida, ya sake mata wuri, ya rubuta abin da ya sake.