Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Jarrabawar Ƙarshe ta Kemistiri

Da yawa daga cikin ɗaliban Ƙaraye da Rogo da ke karatun kimiyya a Jami'ar Bayero ta Kano da sauran manyan makarantu sukan jingine kemistiri sai daren jarrabawa, sa'an nan su kwana suna hadda. Wannan dabara takan jawo faɗuwa, da maimaita darasi, da asarar kuɗin iyaye.

A shekarar 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, amma bita tana rage ta. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya rarraba bitarsa cikin makonni. In ya karanta babi, sai ya rufe littafi, ya rubuta abin da ya tuna, ya warware tambayoyin shekarun baya da hannunsa, musamman lissafin mol da daidaita ma'aunin haɗuwar sinadarai.

Haka kuma, ya danganta darasi da abin da ya sani a gida. Kanwa da ke kashe tsamin miya misali ce ta yadda alkali ke kashe kaifin asid. Alif da ke kwantar da lakar ruwan madatsar Challawa ta Ƙaraye yana tattara ƙananan ɓarɓashi ne su nutse. Jiƙa rogo mai ɗaci kuwa yana rage gubar sayanayid da ke cikinsa.

Daren jarrabawa kuma a sami isasshen barci, domin a lokacinsa ne ƙwaƙwalwa ke daɗa kafa abin da aka koya.